Ruwan jegon da ya kwantar da Inna

Assalamu alaikum Edita. Na daɗe ina karanta abin da 'yan'uwa mata ke aiko muku, kullum sai in ce nawa bai kai a buga ba, tunda babu mugu a cikinsa, babu wanda zan nuna da yatsa in ce shi ya cuce ni. Yau dai na ce bari in amayar da shi ko ƙirjina ya yi sauƙi. Don Allah a sakaya sunana.

Lokacin da abin ya faru ni yarinya ce ɗanya shakaf, ban daɗe a ɗakin miji ba, ina ɗauke da cikin fari. Ni ce auta a wurin mahaifiyata, wadda muke kira Inna, kuma duk wanda ya san auta ya san sangarta. Tawa har ta yi yawa, don har aka kai ni ɗaki Inna ba ta taɓa bari na ɗora tulu a kaina ba. Mu mutanen wani ƙauye ne a bayan Auyo, aure ne ya kawo ni Haɗeja. Mijina malamin firamare ne, mutum mai sanyin hali, irin wanda in ka taka masa ƙafa shi zai riga ka ba da haƙuri. Muna haya a wani gida mai sassa huɗu, kuma abin da ya sa ake rububin gidan ruwa ne. Akwai rijiyar burtsatse a tsakar gida da injin sumo a cikinta, ga tanki a sama. In an kawo wuta sai a kunna, tanki ya cika, kowa ya murɗa famfo a ƙofar ɗakinsa. Ni da na taso ina ganin mata na jan guga, in 'yan garinmu sun zo har murɗa musu famfon nake yi, ba don suna neman ruwa ba, sai don su je gida su ba da labari.

Mai gidan wani dattijo ne manomin shinkafa, Alhaji muke ce masa. Aminin marigayi mahaifin mijina ne, shi ya kira mu da kansa ya ba mu sashen, ya kuma ɗora mijina a kan sauran 'yan haya, duk mai magana da shi sai ta bakin mijina. Mijina ko haɗa ido ba ya iya yi da shi, har ƙasa yake durƙusawa ya gaishe shi. Doka ɗaya Alhaji ya kafa a gidan, kada kowa ya kawo mai gyara ya taɓa masa inji. An ce wani ɗan haya ya taɓa kawo wani, ya cire sabon kaya ya maƙala tsoho, tun daga nan ya ce mai gyaransa kaɗai ya yarda da shi.

Ana tsakiyar bazara, irin zafin Haɗeja da ko bango ba ka iya jingina da shi, cikina ya tsufa haihuwa ko yau ko gobe, aka kawo wuta da hantsi aka kunna inji. Ya yi wani gurnani, muka ji ƙauri, shi ke nan ya yi shiru. Kowa ya ce sumo ya ƙone. Alhaji kuwa yana can fadama ana yankan shinkafar rani, can yake kwana can yake tashi. Mijina ya kira shi ina zaune kusa da shi ina ji. Ya gaishe shi da gajiya, ya gaishe shi da rana, ya tambayi gona, ya tambayi ma'aikata, sai can a ƙarshe kamar mai neman bashi ya ce dama injin gida ne ya ɗan samu matsala. Alhaji ya ce jibi in Allah ya yarda zai turo mai gyara, ya tambaya ko dai muna cikin matsi. Mijina ya ce a'a wallahi, ba komai, muna lallaɓawa. Jibin nan kuwa ta zo ta wuce, aka sake kira, aka sake yin gaisuwar, aka sake cewa jibi.

Lallaɓawar da muke yi, Allah kada ya maimaita. 'Yan ga-ruwa duk sun ajiye kura sun tafi ƙwadagon yankan shinkafa, ɗan wanda ya rage kuwa kafin ya shigo layinmu an tare shi a hanya. Gidan da ake barin bokiti a tsakar gida ya koma kowa na shigar da jarkarsa ɗaki. Ruwan wankin shinkafa a tara a yi wanke-wanke, na wanke-wanke a kai bayi, na alwala ma sai an tara kwano a ƙasa. Akwai maƙwabciyata da muke kira Anti, malamar sakandare ce 'yar Kudancin Kaduna, mace mai kirki amma bakinta ba shi da murfi. Ita ta tara mazan gidan ta ce a yi karo-karo a kira mai gyara, in Alhaji ya dawo a ba shi haƙuri. Mijina ya yi ta roƙonsu, ya ce Alhaji uba ne a wurinsa, in aka tsallake maganarsa ya zama raini, tunda ya ce zai turo to zai turo. Ta ce to ya ba ta lambar ta kira da kanta, ya ce ta bari shi zai sake kira. Ni ma na tsoma baki daga bakin ƙofa, na ce mata a wurinmu ba a yi wa babba haka. Ta kalle ni ta kalli cikina, ta ce ita dai ba ta taɓa ganin kunya ta cika randa ba, amma ga mu ga gidan.

A cikin wannan hali na haihu, Allah ya ba ni 'ya mace. A ƙa'ida gida ya kamata in tafi wanka, to ambaliyar daminar da ta wuce ta kwantar da ɗakunanmu, Inna kanta a wani ɗan ɗaki take raɓe a gidan yayana. Sai ita ta taho Haɗeja, da ƙullin kanwarta da yajinta da damin ganyen runhu. Inna 'yar ƙaramar tsohuwa ce busasshiya, gwiwarta ta hagu ta daɗe tana damunta, in za ta miƙe sai ta dafa ƙasa. Amma ranar da ta shigo ta ɗauki jikarta har rawa ta taka, tana cewa ga kishiya ta zo mata da ƙaton hanci irin na ubanta.

Mace duk ta san abin da wankan jego ke ci na ruwa. Rabin duro ake ɗorawa a murhu ya tafasa, safe da yamma, har kwana arba'in. Ga wankin jaririya da ba ya ƙarewa, ga kunun kanwa, ga 'yan barka da kowace sai ta yi alwala, ga taron suna. Mijina tun da sassafe zai ɗaure jarkoki a babur ya je ya bi layi a famfon wata unguwa, ya kawo, ya koma, sannan ya wuce makaranta a makare. Iya ƙoƙarinsa ke nan, kuma a zatonsa yana isa. Ina namiji zai san abin da tukunyar jego ke sha? Tun da Inna ta zo ya koma kwana a soro, gaisuwarsu ma ta bayan labule ce, shi yana durƙushe a waje ita ta juya fuska a ciki. Kullum zai tambaya ko akwai abin da ake buƙata, kullum Inna za ta ce babu, Allah ya yi albarka. Alhali kafin azahar jarkokin sun koma fanko.

Sai Inna ta fara fita. Da ta ji ƙarar babur ɗinsa ta yi nisa, sai ta naɗa gammo ta ɗauki bokiti ta nufi wani gida a ƙarshen layi da ke da rijiya. Ta ja da guga, a ɗora mata, ta taho tana taka ƙafar nan a hankali, ta juye a duro, ta koma. Wallahi na yi magana. Na ce a mayar da wankan sau ɗaya, na ce ai ko a asibiti sun ce ruwa mai ɗumi ma ya isa. Kai, ranar na ga faɗan Inna. Ta ce duk 'ya'yan da ta haifa babu wanda aka yi mata rabin wanka a kansa, ba kuma a kan autarta za a fara ba. Ta ce so nake sanyi ya shige ni in kumbura, a ce ta zo har Haɗeja ta bar 'yarta ɗanya? Na ce to zan gaya wa Malam, wato mijina, ya ƙaro sawu. Ta ce in na kuskura na buɗe baki a ranar za ta ɗaure kayanta, bawan Allah duk ya rame wurin jigilar ruwa, ba za ta zama surukar da ta zo ta ƙara masa kaya ba. Haka na fasa gaya masa. Anti kan raba jarkarta biyu ta zuba mana, tana yi tana mita, tana cewa Mama kin tsufa da wannan aikin, Inna ta yi dariya ta ce ta ɗauki abin da ya fi bokiti tun Anti ba ta zo duniya ba.

Ba zan ɓoye ba, wankan nan yana yi mini daɗi. Ta zaunar da ni a kujera 'yar tsugunne, ta tsoma ganye a tafasasshen ruwa ta fyaɗa mini a baya, in ƙwala ihu, ta ce ji raguwa, haihuwa ɗaya kamar an yi yaƙi. Anti daga sashenta ta riƙa ƙyalƙyala dariya tana cewa Mama a ƙara mata. In an gama jikina ya yi sakayau, in sha kunu in yi barci kamar ba ni da damuwa a duniya. Ina kwance nakan ji Inna tana murza gwiwarta da man zafi tana ɗan nishi ƙasa-ƙasa, in na ɗaga kai sai ta saki zane ta rufe.

Mun wuce rabin arba'in, wata Asabar da hantsi, Malam ya tafi wani taron malamai. Ruwa na kan wuta, Inna ta ce bari ta ƙaro na sirki. Ina zaune ina ba yarinya nono, na ji shiru ya yi yawa, itace har ya cinye ya zube. Sai na ji muryar Anti daga waje tana kiran sunana, irin kiran da tun kafin ka fita ka san ba lafiya ba. Na ajiye yarinya na fita ko mayafi babu. Akwai wata 'yar kwata a ƙofar gidanmu da aka ɗora wa faifan siminti, ruwan da ake ta shigowa da shi ya jiƙa wurin ya yi santsi. Nan na tarar da Inna a kwance a karkace, bokiti ya gangara gefe, ƙafarta ta juya ta inda ƙafa ba ta juyawa. Mutane sun taru. Ita kuwa ƙoƙarinta ta ja zane ta rufe ƙwaurinta. Da ta gan ni, abin da ta fara cewa shi ne in koma ciki, maijego ba ta tsayawa a iska. Sannan ta tambayi Anti ko ruwan duka ya zube.

A adaidaita sahu muka kai ta asibiti, kanta a cinyata, duk ramin da aka faɗa sai ta damƙe hannuna. Aka ɗauki hoto aka ce ƙashin kwatangwalo ne ya karye, kuma a shekarunta da yadda zuciyarta take, aiki yana da haɗari. Wajen la'asar Anti ta ce in je gida in shayar da yarinya in ɗebo wa Inna kaya, ita za ta zauna. Tun daga soro na ji wata ƙara da na kusa mantawa da ita. Na shiga na ga tanki ya cika yana ambaliya, ruwa na zuba shaa daga sama yana malala a tsakar gida, ya bi ta ƙarƙashin murhuna ya kashe sauran garwashin. Ashe labari ya kai wa Alhaji a gona, ya hau babur da taɓo a ƙafarsa ya ɗauko mai gyaran. Sumon ma lafiyarsa lau, ko ciro shi ba a yi ba. Wani ɗan abu ne kamar batir a cikin akwatin wutar da ke jikin bango ya ƙone, aka cire aka sa wani, aikin bai kai a sha shayi a tashi ba. Na zauna daɓas a cikin ruwan nan na yi kukan da ban yi ba a ɗakin haihuwa.

Alhaji yana soro tare da mijina, ina jin su. Dattijon nan kuka yake yi da hawaye. Ya ce shi a zatonsa 'yan ga-ruwa na kawo mana kamar yadda aka saba in babu wuta, ya ce mai gyaran yana can yana fama da injinan ban-ruwa shi ya sa yake ta ɗaga ranar, kuma duk kiran da aka yi masa sai ya tambaya, a ce masa ba komai. Ya ce da sau ɗaya aka ce masa tsohuwa ce ke jan ruwa a gidansa, da ko shinkafar za ta ruɓe a gona sai ya taho a ranar. Sai ya tambayi mijina, ashe dama bai ɗauke shi uba ba? Wane ɗa ne zai ga gida na ci da wuta ya tsaya gaida ubansa da gajiya? Mijina kuwa, shi ma a ranar ya fara jin cewa Inna na fita ɗiban ruwa.

Likitoci sun ce a kai ta babban asibiti a Kano, Inna ta ƙi, ta ce a kira mai ɗori. Aka kira, ya yi iya yinsa, Alhaji ya tsaya a kan komai, amma ƙashi bai kama ba. Aka kwantar da ita a ɗakina, a kan katifar da ta zo ta yi mini jinya. Matar da ta zo yi mini wanka, ni na koma ina goge mata jiki, ina sa mata fo, ina juya ta. Duk lokacin da na ɗaga ta sai ta rufe fuska da gefen zane ta yi ta hawaye, tana cewa ta zo sauke mini kaya ta zama kaya. Duk da haka safe da yamma sai ta tambaya ko an ɗora ruwa. Anti ce ta karɓi wankan, matar da na gaya wa magana a kan ba ta san al'adarmu ba. Ta ɗaura zane ta riƙe ganye, Inna daga kan katifa tana ɗaga murya tana gaya mata inda za ta fyaɗa, tana cewa kada ta ji tausayina. Haka aka cika arba'in ɗin, ko rana ɗaya ba a tsallake ba.

Bayan nan ta ce a mai da ita gida. Ranar da za a tafi mijina ya durƙusa a bakin ƙofa ya nemi gafararta. A karon farko ta yaye labulen da hannunta ta dube shi, ta ce babu abin da ya yi mata sai alheri, ita ce ta ɓoye masa. Aka ɗauke ta kamar jaririya aka sa a mota. Ba ta sake taka ƙasa ba. Kwanciya ta ci bayanta, ƙirji ya kama, kafin a cire amfanin gona na wannan daminar Allah ya karɓi abarsa. Jikar tata ko rarrafe ba ta fara ba.

Na yi watanni ba na iya kallon mijina. In ya yi sallama sai in ji muryar nan da yake cewa ba komai, muna lallaɓawa, zuciyata ta yi baƙi. Sai da na zauna da kaina na ga ai ni ma kalmar da nake gaya masa ke nan kullum da safe in ya tambaye ni. Shi ya ji kunyar Alhaji, Inna ta ji kunyarsa, ni na ji tsoron ɓacin ran Inna, kowa yana ganin kyautatawa yake yi. Na san kwana in ya ƙare ya ƙare, tsautsayi kuma ba ya wuce ranarsa, ban ja da ikon Allah ba. Amma na san da bakinmu muka rufe ƙofar da sauƙi zai shigo.

Shi ya sa nake roƙon duk wanda ke zaune a gidan haya, ko gidan ubansa ne ma, in abu ya lalace ya faɗa yadda yake. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, mai gida yana can nesa, abin da ka gaya masa shi ya sani. Faɗin gaskiyar halin da kake ciki ba rashin kunya ba ne, ana iya durƙusawa har ƙasa a ce ranka ya daɗe muna cikin wahala. Ku kuma masu gidaje, in ɗan haya ya ce muku ba komai, ku tako ku gani da idonku, musamman in mai jin nauyinku ne. 'Yan'uwana mata, in tsohuwa ta zo muku jego, ku sa mata ido. Ba za ta taɓa cewa ta gaji ba, kuma gara ta yi fushi ta ɗaure kayanta ta tafi da ƙafarta.

Bara na sake haihuwa, namiji. Har yanzu muna gidan, inji lafiya lau, famfo na zuba har a ƙofar ɗaki. Na ɗora duro ya tafasa, na tsoma ganye, na zauna a kujerar na juya baya ina jira. Sai da tururin ya fara lafawa sannan na tuna ni zan yi wa kaina. Allah ya jiƙan Inna, ya sa ruwan da ta ɗauka a kanta ya zama sanyi a kabarinta. Don Allah duk wanda ya karanta ya sa ta a addu'a.